SHARHI: Mazubin Kaya, Na Gida Ne Ko Na Sana'a? Darasi Daga Birtaniya Da Jamus

A watan Oktoba na shekarar 2025 ne manyan kamfanonin da ke sayar da kaya a ƙasar Birtaniya suka fara karɓar takardun neman biyan wani sabon kuɗi, wanda ba harajin riba ba ne, ba kuma kuɗin fito ba. Kuɗi ne da aka ɗora a kan mazubin da suke zuba hajarsu a ciki, watau kwalba da gwangwani da kwali da leda da roba da buhu, domin a biya ƙananan hukumomi ɗawainiyar kwashe su daga gidajen jama'a bayan an gama amfani da abin da ke ciki. Daga cikin abubuwan da suka fi jawo gardama a kan wannan tsari akwai wata 'yar tambaya a takardar rahoton da kowane kamfani yake cikewa, wadda ke neman a bayyana ko mazubin na gida ne ko kuwa na sana'a. Wanda aka rubuta na gida, tilas a biya masa kuɗin kwashewa a kan kowane tan. Wanda aka rubuta na sana'a kuwa, an ɗauke masa wannan kuɗi.

Mai karatu yana iya cewa ina ruwan ɗan kasuwar Nijeriya da kwandon sharar Turawa. Ruwansa kuwa ta fuska biyu ne. Ta farko, duk mai tura riɗi ko citta ko soborodo ko garin rogo zuwa Turai, abokin cinikinsa na can yana ƙarƙashin irin waɗannan dokoki, kuma daga wajensa zai nemi bayanin nauyin buhu da na leda. Ta biyu, ƙasar nan ma ta riga ta ɗauki ƙa'idar ɗora wa mai yin kaya alhakin sharar mazubinsa, don haka ko ba daɗe ko ba jima wannan tambaya za ta iso kan teburin masu masana'antu da manyan diloli. Ra'ayinmu a nan shi ne, a rarrabe mazubi bisa ga inda aka saba jefar da shi, a kuma yanke hukuncin sau ɗaya a fili ga kowane nau'in kaya, maimakon a bar shi a hannun sunan da ke kan rasit.

Asalin maganar

Idan dai ba a manta ba, ƙasar Jamus ce ta fara kafa wannan tsari da ƙarfin doka. A watan Yuni na 1991, lokacin da Klaus Toepfer yake ministan kula da muhalli, gwamnati ta fitar da dokar da ta tilasta wa masu yin kaya da masu sayarwa su karɓi mazubinsu bayan an yi amfani da shi. An bi abin daki-daki: mazubin jigila daga Disamba 1991, mazubin da ke haɗa kaya da yawa wuri guda daga Afrilu 1992, sannan mazubin da mai saye ke tafiya da shi gida daga Janairu 1993. Domin kada kowane kanti ya zama juji, kamfanoni suka haɗu tun a 1990 suka kafa ƙungiya guda mai kwashe mazubi daga gidaje a madadinsu, wadda aka sani da alamar Koren Ɗigo. Kowane kamfani ya riƙa biyanta gwargwadon nauyi da nau'in mazubin da ya fitar kasuwa.

A 1994 Tarayyar Turai ta yi tata dokar, wadda ta kasa mazubi gida uku. Akwai na farko, wanda ke riƙe da kayan kansa a wurin sayarwa, kamar gwangwanin tumatir. Akwai na biyu, wanda ke haɗa guda da yawa, kamar katan ɗin da aka jera gwangwanayen a ciki. Akwai kuma na uku, na jigila, kamar katakon da ake ɗora katan-katan a kai da ledar da ake naɗe su da ita kafin a loda a mota. Wannan rabo ya yi bayanin aikin da mazubi yake yi, amma bai faɗi wanda zai kwashe shi ba idan ya zama shara, kuma a nan ne kuɗin yake. Sharar gida hukuma ce ke kwashewa da kuɗin jama'a, alhali masana'anta ko otal shi ke biyan mai kwashe masa tasa sharar daga aljihunsa.

Birtaniya ta bi wata hanya dabam daga 1997. Ta ce kowane babban kamfani ya sayi takardun shaida daga masu sake sarrafa shara, waɗanda ke nuna cewa an sarrafa wani adadi daidai da kasonsa. Wannan tsari bai damu da inda mazubin ya faɗi ba, kuma ita kanta gwamnati ta ƙiyasta cewa abin da kamfanoni ke biya bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 na ɗawainiyar sharar mazubin gidaje ba, sauran kuwa yana kan masu biyan haraji. Dalili ke nan da ya sa, bayan dokar muhalli ta 2021, aka fara karɓar rahoton nauyin mazubi daga 2023, sabbin ƙa'idoji suka soma aiki a Janairu 2025, aka kuma kafa hukumar PackUK domin ta tara kuɗin ta raba wa ƙananan hukumomi.

Domin mai karatu ya ga nauyin abin, ga farashin da aka tsayar na shekarar farko, watau 2025 zuwa 2026. Kowane tan na roba fam 423, na kwalba fam 192, na takarda da kwali fam 196, na alminiyum fam 266, na ƙarfe fam 259, na katako kuma fam 280. Waɗanda wannan biya ya hau kansu su ne kamfanonin da cinikinsu na shekara ya kai fam miliyan 2, kuma mazubin da suke fitarwa ya haura tan 50. Mu ɗauki misalin kamfanin da ke zuba lemo a kwalba mai nauyin giram 300. Kwalba miliyan ɗaya ta kai tan 300, kuɗinta kuwa fam 57,600. Idan aka rubuta waɗannan kwalabe a matsayin na sana'a, ko kwabo ba za a biya ba daga cikin wannan adadi, sai dai takardun shaida na tsohon tsari da har yanzu suka hau kan kowane irin mazubi. Kalma guda a takardar rahoto, ke nan, tana iya zama bambanci tsakanin riba da faɗuwa.

Inda ma'aunin Birtaniya ya gaza

Ƙa'idar da Birtaniya ta kafa ita ce, mazubi na biyu da na uku duk na sana'a ne. Mazubi na farko kuwa, da kuma kwalin da ake aika wa mai saye kaya a ciki idan ya yi oda ta intanet, ana ɗaukarsu na gida ne har sai kamfani ya kawo hujja. Hujjar kuwa iri biyu ce. Ko dai ya nuna cewa ya sayar da kayan kai tsaye ga wata sana'a ko ma'aikatar gwamnati wadda ita ce za ta kwance mazubin ta jefar, ko kuma ya nuna cewa kayan an yi shi ne don sana'a kaɗai, kuma da wuya mazubinsa ya faɗa kwandon sharar gida ko na titi. Wajibi ne kuma a adana wannan hujja har shekara bakwai.

A takarda, abin ya yi kyau. Amma kasuwa ba ta tafiya kai tsaye. Akasarin ƙananan otal-otal da gidajen cin abinci da mashayu ba daga masana'anta suke saye ba, daga hannun 'yan sari suke ɗauka. Da zarar kaya ya bi ta hannun dila, hujja ta farko ta faɗi, saboda wanda masana'anta ta sayar wa ba shi ne mai jefar da kwalbar ba. Hujja ta biyu ita ma ba ta tsayawa, tun da irin kwalbar nan ce ake sayarwa a kanti ga magidanta. Sakamakon haka sai kwalbar da aka buɗe a otal, aka jefa a kwandon otal, motar da otal ya biya ta kwashe, ta shiga lissafin sharar gida. Masana'anta ta biya, ta ɗora kuɗin a kan farashi, mai otal ya biya a farashi, sannan ya sake biyan mai kwashe masa shara. Ƙungiyoyin masu otal da gidajen abinci sun yi ta koke a kan wannan biya sau biyu a cikin 2025, har gwamnati ta shiga tattaunawa da su. Abin ya fi tsanani a kan kwalba saboda nauyinta, ga shi kuma an ɗauke wa gwangwanaye da robobin abin sha wannan kuɗi a bisa shirin kafa tsarin ajiyar jingina da aka sanya wa watan Oktoba 2027.

To, amma adalci ya sa a faɗi dalilin da ya sa gwamnati ta tsananta. Idan aka bar wa kowane kamfani ya faɗi da bakinsa kaso nawa na kayansa ke zuwa wuraren sana'a, sai a wayi gari kowa ya zama mai sayar wa otal. Kuɗin kwashe shara kuwa ba ya raguwa don an canja rubutu. Abin da mai wayo ya kauce wa, mai gaskiya ne zai biya, domin ana raba jimlar ɗawainiyar ne a kan adadin tan da aka bayyana. Jamus ta ɗanɗana wannan. A 1993 ƙungiyar Koren Ɗigo ta kusa durƙushewa, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne kamfanoni masu yawa suna cin moriyar tsarin ba tare da biyan cikakken kasonsu ba. Bayan shekara ashirin matsalar ta dawo ta wata ƙofa, inda ake zare ɗimbin mazubi daga lissafi da sunan an karɓe shi a kanti ko an kwashe shi daga wuraren sana'a, har sai da aka yi wa dokar gyara a 2014 don toshe waɗannan ƙofofi.

Yadda Jamus ta warware

Sabuwar dokar mazubi da ta fara aiki a Jamus ranar 1 ga Janairu 2019 ta sauya tambayar gaba ɗaya. Ta daina bin sawun kowane kaya don gano wanda ya saya, ta koma tambayar inda irin wannan mazubi ya saba ƙarewa a matsayin shara idan aka dubi kasuwar ƙasar baki ɗaya. Aka kafa wata cibiya a garin Osnaburuk mai riƙe da rajistar jama'a da ake kira LUCID, wadda kowa ke iya buɗewa ya ga ko abokin gasarsa ya yi rajista. Cibiyar ta kuma wallafa wani kundi da ya bi nau'o'in kaya ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin iyakar girma ko nauyi: mazubin da bai kai iyakar ba a biya masa, wanda ya wuce ta kuma na masana'antu ne. Dokar ta tanadi tarar da ta kai yuro 200,000 ga wanda ya ƙi shiga tsarin, tare da hana shi sayar da kayan, kuma daga Yuli 2022 aka wajabta rajista hatta ga masu mazubin jigila.

Bugu da ƙari, dokar ta amince da abin da kowa ke gani da ido, watau sharar gidan abinci da ta gida iri ɗaya ce. Saboda haka ta haɗa otal-otal da gidajen abinci da asibitoci da makarantu da barikokin soja da ofisoshi a sahu ɗaya da magidanta. Haka nan ƙananan masu sana'ar hannu da manoma, muddin sharar mazubinsu ba ta fi ƙarfin kwando mai cin lita 1,100 da ake kwashewa a lokutan da aka saba kwashe ta gidaje ba. Abin lura a nan shi ne, tun da an biya wa mazubin waɗannan wurare, suna da haƙƙin a kwashe musu shi kyauta. Kuɗin da motar shara suna bin hanya ɗaya, don haka maganar biya sau biyu ba ta taso ba.

Ba mu ce hanyar Jamus ba ta da aibi ba. Duk iyakar da aka ja da alƙalami za ta cuci wani. Kamfanin da kusan duk kayansa masana'antu ke saye, amma mazubinsa ya faɗo ƙasa da iyaka, zai biya wa sharar da ba ta taɓa shiga gida ba, kuma akwai kamfanonin da suka ƙalubalanci hukuncin cibiyar har gaban kotu. Sai dai kuskuren da ke rubuce a fili, wanda ya hau kan kowa daidai, ana iya gardama a kansa a gyara shi. Kuskuren da ke ɓoye cikin dubban rasitai kuwa, ba mai ganinsa sai ranar da mai bincike ya zo. Daɗin daɗawa, ɗan kasuwa ya fi bukatar ya san abin da zai biya kafin ya yanka wa kayansa farashi, kuma kundi yana ba shi wannan tabbaci tun kafin mota ta tashi.

Abin da ya shafi masu fitar da kaya

Yanzu bari mu dawo gida. A dokar Birtaniya da ta Jamus, idan kaya ya fito daga waje, galibi mai shigo da shi ne ke ɗauke da alhakin rahoto da biya. Buhun riɗi mai kilo 50 da aka loda daga Dawanau zuwa wata masana'antar matse mai, ko buhun busasshiyar citta daga Kachiya zuwa kamfanin kayan yaji, ba su da wuyar hukunci, domin a masana'anta za a farke su. Ledar garin rogo mai kilo ɗaya da robar manja mai lita ɗaya da ake jerawa a shagunan 'yan Afirka na unguwar Pekam a Landan su ma a fili suke, na gida ne. Rikicin yana tsakiya, a wajen buhu mai kilo 10 ko 20 da jarka mai lita 5 ko 10, waɗanda mai gidan abinci ke saye, uwargida mai iyali da yawa ita ma take saye. A ma'aunin Birtaniya, irin wannan idan ya bi ta shago, na gida ne.

Gaskiya ne cewa ƙaramin mai shigo da kaya, wanda cinikinsa bai wuce fam miliyan ɗaya ba ko mazubinsa bai wuce tan 25 ba, dokar Birtaniya ba ta hau kansa ba. Amma manyan masu saye, waɗanda su ne kowane mai fitar da kaya yake fata, duk suna ciki, kuma a Jamus ba a ware ƙarami daga rajista ba. Har ila yau, Tarayyar Turai ta sake sabuwar doka a kan mazubi wadda ta fara aiki a Fabrairu 2025, aka kuma sanya 12 ga Agusta 2026 a matsayin ranar soma amfani da akasarin tanade-tanadenta a dukkan ƙasashen ƙungiyar. Saboda haka shawararmu ga mai fitar da kaya ita ce ya tanadi ƙaramin sikeli mai auna giram, ya auna kowane ɓangare na mazubinsa dabam: buhu dabam, ledar ciki dabam, katan dabam, murfi dabam, ya rubuta abin da aka yi kowanne da shi. Ya kuma tabbatar an ambata a yarjejeniyar ciniki wanda zai ɗauki wannan kuɗi, domin idan ba a ambata ba, mai saye zai zare shi daga farashi ba tare da sallama ba.

Kafin a rubuta tamu ƙa'idar

Ita ma Nijeriya ba baƙuwa ba ce ga wannan manufa. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don aiwatar da dokokin kare muhalli, ta fitar da jagorar ɗora wa masu yin kaya alhakin shararsu a 2014. A 2018 manyan kamfanonin abinci da abin sha suka kafa haɗakar FBRA don tattara robobi da sauran mazubi, a 2020 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba, sannan jihar Legas ta haramta farar robar zuba abinci mai kama da soso a Janairu 2024, ta kuma soma tilasta hani a kan wasu ledoji da robobin amfani sau ɗaya daga Yuli 2025. Alƙiblar a bayyane take. Ranar da biyan kuɗi bisa nauyi zai game kowa, abin da za a fara jayayya a kai shi ne wannan rabo na gida da sana'a, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan muka kwaso ma'aunin rasit muka dasa a nan, zai ba mu amsar da ta saɓa wa gaskiya. Kusan babu masana'antar da ke sayar wa magidanci kai tsaye a ƙasar nan. Kaya yana fita daga Ikeja ko Agbara ko Sharaɗa zuwa babban dila, daga shi zuwa 'yan sari a kasuwar Singa ko Anacha, daga nan zuwa mai shago, daga mai shago zuwa mai tebur. A kan hanya kuma ana fasa shi. Buhun sukari mai kilo 50 yana komawa mudu da gwangwani, jarkar man gyaɗa mai lita 25 tana komawa kwalba da ƙulli, kowane awo kuma da sabuwar ledar da babu sunan kowa a jikinta. Mai masana'anta yana iya rantsuwa cewa bai taɓa sayar wa kowa ba sai ɗan kasuwa, kuma bai yi ƙarya ba. In an kyale wannan hujja, kusan komai zai zama na sana'a. In kuma an ƙi ta saboda kayan ya bi ta hannun dila, sai gidan burodin da ke sayen buhun fulawa a wajen ɗan sari ya shiga lissafin magidanta.

Akwai kuma wani abu da Turawa ba su cika lissafawa ba, wanda a wurinmu shi ne babba. Yawancin mazubin da ake kira na sana'a ba ya zama shara da wuri, domin shi kansa haja ne. Buhun da aka juye ana sayar da shi a sake zuba hatsi ko gawayi. Jarka tana komawa hannun 'yan garuwa. Duro yana zama matarar ruwa. Katan yana da masu saye, haka ma kwalbar lemo ta gilashi da ake mayarwa a akwati, wadda tsarinta na jingina ya daɗe yana aiki a ƙasar nan ba tare da wata doka ta musamman ba. Abin da ke toshe magudanan ruwa a Legas da Kano da Abuja shi ne wanda ba shi da mai saye: ledar fiya-wata, ledar biskit da ta taliyar yara, ƙananan ledojin madara da omo, da baƙar ledar cefane. Duk rabon da bai lura da wannan ba zai ɗora nauyi a kan mazubin da ke kwashe kansa, ya sassauta wa wanda ke kawo ambaliya.

Sannan a tambaya, wa ke kwashe sharar? A Birtaniya amsar ita ce ƙaramar hukuma, shi ya sa kuɗin ke zuwa wajenta. A garuruwanmu kuwa, kaso mai yawa na roba da gwangwani da kwalin da ake sake sarrafawa, 'yan jari-bola ne ke tsince shi da kurarsu, su kai wa masu sikeli, su kuma su tara su sayar wa masana'antu. Idan aka karɓi kuɗi daga kamfanoni da sunan mazubin gida, aka zuba shi a asusun da waɗannan bayin Allah ba su ga ko sisi ba, to an yi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Darasin Jamus a nan a sarari yake: inda aka biya wa mazubi, dole a ga an kwashe shi, kuma wanda ya kwashe shi ne ya cancanci ladan.

Saboda haka muna kira ga hukumar NESREA da ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa da majalisun ciniki da shugabannin kasuwanni da su zauna tun yanzu su tsara kundi irin na Jamus, amma da ma'aunin kasuwarmu. A bi kayan da aka fi sha da ci da wanki ɗaya bayan ɗaya, a ja iyaka bisa girma, a wallafa shi da Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo domin kowane dila ya san matsayinsa. A haɗa gidajen abinci da makarantu da asibitoci da shaguna a sahun magidanta, tun da juji ɗaya suke zubarwa. A ware sahu na uku ga mazubin da ake mayarwa ko ake sake sayarwa, a rage masa kuɗi ko a ɗauke masa. Ledar awo da ba ta da suna kuwa, a kama ta daga tushe, watau wajen mai yin ta ko mai shigo da ita, domin ba mai hankalin da zai ce mai tebur ya cike takardar rahoto. A kuma ɗauke wa ƙananan masana'antu biya, amma a sa su rajista, ita rajistar kuma ta kasance a buɗe ga kowa.

Mun san za a ce duk kuɗin da aka ɗora wa masana'anta a kan talaka zai ƙare, a lokacin da tsadar rayuwa ta riga ta yi masa yawa. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ita ce dalilin da ya sa ya kamata a fara da ƙaramin farashi a bi a hankali. Amma a tuna cewa talakan yana biyan kuɗin nan tun yanzu, ta hanyar kwatar da ta toshe, da shagon da ruwa ya ci a damina, da akuyar da ta mutu da leda a ciki. Bambancin kawai shi ne, a halin yanzu ba a rubuta shi a littafin kowa ba. Shi kuma mai masana'anta, muddin bai san cewa rage nauyin leda zai rage masa kuɗi ba, ba shi da dalilin ragewa.

A ƙarshe, abin da ya faru a Birtaniya ya nuna cewa ko ƙasar da ke da rasit a kan kowane ciniki ta kasa bin sawun kwalba daga masana'anta zuwa kwando, balle mu da yawancin cinikinmu na baki ne da amana. Ɗan kasuwar da ya fara auna mazubinsa yana rubutawa tun yau, shi ne zai shiga zauren tattaunawa da alƙaluma a hannu ranar da za a ja iyaka, wanda bai yi ba kuwa sai dai ya karɓi abin da aka yanka masa. Hausawa dai sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.